Rigar da Baffa Garba Ya Zo Aro

Ni dai har gobe, in na ji mutum ya miƙe a bainar jama'a yana ba da labarin wuyar da ya sha, hannunsa nake fara dubawa. Mugun hali ne, na sani, kuma ya sha ja mini baƙin jini a gidan biki da gidan makoki. Amma ba da shi aka haife ni ba. A gindin murhun kakata na ɗauko shi, a gidanmu da ke wani lungu bayan Ƙofar Mata, shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, kowa ya fito ya nemi zaɓe. Ina 'yar shekara tara.

Iya muke kiran ta. Sunanta aka sa mini, don haka duk gidan Ummi ake ce mini, ita kuwa ta ce takwara. 'Yar unguwar Koki ce aka kawo ta aure cikin marina, masu rini a rijiyoyin karofi, kuma shekara hamsin ba su isa ta daina yi wa dangin mijinta gorin cewa har tuwonsu warin karofi yake ba. Gajeriya ce, siririya, ga baki kamar reza. Sana'arta suyar gyaɗa. In an ci tuwo an yi isha'i, sai ta ɗora kasko, ta zuba yashi, ta juye gyaɗar da ta jiƙa da gishiri tun la'asar, ta yi ta juyawa da sakaina. Mu kuwa jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta, wai tatsuniya muka zo ji, alhali kowa idonsa na kan kasko. Ta sani sarai. Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabo, wanda ya katse ta da tambaya shi ma haka.

Tatsuniyoyinta ba irin na sauran tsofaffi ba ne, waɗanda kome aka yi a ƙarshe sai marainiya ta auri ɗan sarki. Iya in ta ɗauko labari, to da wani take. Manyan gidan sun san haka, shi ya sa da ta fara sai ka ga kowace mace ta rage hira ta kasa kunne, ta ji ko yau kanta abin zai sauka. Duk wanda ya tashi ana tsakiyar labari wai zai kama ruwa, mun san da shi ake.

'Ya'yanta maza biyu ne. Babban shi ne mahaifina, Abba, marini ne kamar ubansa. Shi ne ɗan farinta, ita kuwa 'yar gargajiya ce ta gaske, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so a kai masa abinci sai ta ce, “A kai wa wancan.” Ni da ƙuruciya na ɗauka ƙin sa take yi, har nakan ji haushinta a raina. Ƙaramin kuwa, Baffa Garba, sau ashirin take kiran sunansa a wuni, goma sha tara da zagi a haɗe, shi kuma ya ɗauka gata ne.

Baffa Garba bai taɓa sa hannu a rijiyar rini ba, wai warin yana sa shi ciwon kai. Shi ɗan buga-buga ne, yau dillalin agogo, gobe mai kawo turare. A zamanin da gwamnati ta hana shigo da wasu yadudduka daga waje, sai ya samo dila uku ta bayan fage, ya rasa inda zai ɓoye, ya lallaɓa ya cusa su a ɗakin ajiyar Abba na karofi ba tare da ya gaya masa ba. Ranar da aka zo bincike, aka tambayi ɗakin wane ne, Abba ya ce nasa ne. Aka ce kayan fa? Ya dubi dilolin, ya gane ɗaurin igiyar ƙanensa, ya yi shiru. Wannan shirun ya jawo masa wata bakwai a tsare. Baffa kuwa an kira shi caji ofis sau ɗaya, ya zauna a kan benci daga azahar zuwa la'asar, aka sallame shi. Shi da bakinsa ya gaya wa Ummata a ranar cewa har lemo aka ba shi.

Abba ya dawo da rigar da aka tafi da shi a cikinta, farar taguwa ce a da, ta koma kalar ƙasa, ta yage a kafaɗa, da wani tabo a baya da ba wanda ya tambaye shi na mene ne. Gida ya cika da masu barka da arziki. Iya ba ta fito ba. Daga cikin ɗakinta ta ce, “A ba wancan ruwa ya sha,” shi ke nan. Ya shiga ɗakinsa, ya ninke rigar ya sa ƙarƙashin matashi, ya hana a wanke ta. Daga ranar bai sake taka karofi ba. Masallaci ne kaɗai ke fitar da shi, ya je ya dawo kansa a ƙasa. Bai zuwa suna, bai zuwa ɗaurin aure, in muna dariya a tsakar gida sai mu ji ya yi gyaran murya, mu yi tsit. Carbi ya riƙe dare da rana. Shekara ɗaya da rabi muna haka, Umma na saƙar hula tana ciyar da mu, Iya na suyar gyaɗa.

Abin da ya fi ba ni takaici yanzu in na tuna, masu zuwa yi masa nasiha ne. Su shigo da ƙamshin turare da tumbi a gaba, su zauna su ce, “Haƙuri, Malam, mai haƙuri shi ke dafa dutse.” Su sha furarmu su tafi. Wasu ma suka fara cewa ai Abba ya zama bawan Allah, ya saki duniya, a je a nemi addu'arsa. Ba wanda ya ce masa tashi. Mutum na nutsewa a gabansu, su kuma suna yaba yadda ya iya riƙe numfashi.

Sai dattijan karofi suka aiko. Rijiyar da Abba ya gada, wadda kakanmu ya haƙa da hannunsa, ta bushe har ta fara tsagewa, ga matasa na neman wurin aiki, ga Babbar Sallah na matsowa, lokacin da aiki ya fi yawa. Suka ce in watan Sallah ya tsaya bai zo ya tada ta ba, za su ba wani. Ba mugunta ba ce, haka tsarin yake. Umma ta kai masa saƙon, ya ce, “Allah ya sa haka ya fi alheri,” ya ci gaba da jan carbi. Saura kwana goma sha biyu.

Washegari Iya ta sa aka kwashe duwatsun murhunta daga ƙofar ɗakinta aka kai can gefen gidan, daidai ƙarƙashin tagar Abba. Umma ta ce, “Iya, hayaƙi zai dame shi.” Ta ce, “Iska ce ta canza, ni kuma idona ba na aro ba ne.” Babu wata iska da ta canza. Daren farko ta ba mu labarin kaza, na biyu na wani makaho, tagar nan shiru kamar ba kowa.

A dare na uku Baffa Garba ya yi sallama. A lokacin ya riga ya zama ɗan siyasa, yana neman kujerar majalisa, ya sayi babbar riga fara sol da hula mai tsini, yana tafe yana baza hannu kamar zai tashi sama. Mun riga mun ji abin da yake faɗa a wurin lacca: wai an ɗaure shi a zamanin soja saboda ya tsaya wa talakawa, wai ya kwana a kan siminti, wai ya ga abin da ba ya faɗuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen unguwarmu sun san gaskiya, amma mazaɓar ta wuce unguwarmu, kuma ko a unguwar akwai masu jin daɗin a yi musu ƙarya in dai da kiɗa.

Ya durƙusa ya gaida Iya, ya ɗebi gyaɗa ba a ba shi ba, sannan ya rage murya, amma ba yadda ba za mu ji ba.

“Iya, wata 'yar alfarma na zo nema. Rigar nan ta Yaya, wadda ya dawo da ita. Aro nake so, na kwana ɗaya tak. Ranar Asabar muna da babban taro, in na ɗaga ta jama'a suka gani, wallahi magana ta ƙare. Ai gidanmu ɗaya, wuyarsa wuyata ce.”

Iya ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya yashi.

“Garba, ka ci abinci?”

“Na ci, Iya.”

“Na ga alama. To zauna. Jikokina sun riga ka zuwa, in na sallame su sai mu yi maganar riga.”

Ya nemi turmi ya kife ya zauna, yana tattare rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Iya ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da kullum.

“Ga ta nan tafe, mai ƙaiƙayi ya tanadi farce.”

Muka ce, “Ta iso, mun yi mata shimfiɗa.”

Wai wani masaƙi ne ya saƙa fari mai tsawo, ya yanka shi huɗu, ya kai wa marini. Ƙyallaye huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya. Da suka leƙa rijiya suka ga baƙin ruwa yana kumfa yana wari, sai na farko ya ce shi kam ba da shi ba, ya bi iska ya maƙale a reshen bishiya, yana lilo yana yi wa 'yan'uwansa gwalo. Bai daɗe ba wata mai koko ta tsince shi, ta mai da shi abin tace gasara, a nan ya ƙare.

Na biyu ya fi shi wayo. Shi ma yana tsoron rijiya, amma yana son a kira shi rinanne. Sai ya jira marini ya juya baya, ya kwanta a bakin rijiya inda ruwan 'yan'uwansa ke ɗiga, ya yi birgima, ya shafo shuɗi nan da can. Ya miƙe ya nufi kasuwa yana ɗingishi yana nishi. A nan Iya ta canza murya, ta mai da ita irin ta mai lasifika:

“Jama'a, ku dube ni! Ni ne na ga ƙasan rijiya! Wata bakwai ina ciki, ko lemo ba a ba ni ba!”

Muka fashe da dariya, har da matan da ke wanke-wanke. Baffa ya ce, “Kai, Iya,” yana murmushin yaƙe. Sai kuma muka ji wani abu daga taga, gajere, kamar tari, kamar an shaƙe mutum. Dariya ce. Na san dariyar Abba ko da na shekara ɗaya da rabi ban ji ta ba. Hannun Iya ya tsaya cak a kan kasko, sannan ya ci gaba da juyi kamar ba ta ji komai ba.

Ta ce ƙyallen nan ya samu masu saye, don kasuwa ba ta rasa wawaye. Wani ya saya da tsada ya yi rawani, ruwan farko da ya sauka ya wanke shi tas, shuɗin ya gangaro wa mai rawani a fuska.

Muka gyara zama muna jiran na uku, mun ɗauka shi ne gwarzon labari, don shi bai gudu ba. Marini ya tsoma shi, ruwa ya shige shi ko'ina, ya ji ɗaci, ya ji duhu. Da marini ya zo ɗago shi sai ya zame daga hannunsa ya nutse can ƙasa, ya kwanta cikin laka. Marini ya sa sanda yana lalube, yana kira, shi kuwa ya ƙi. Wai shi ya riga ya san duniya, ba abin da ke sama sai ƙarya da 'yan birgima. Wai wanda ya fi daɗewa a ƙasa shi zai fi kowa launi, shi ne na Allah.

Iya ta kwashe gyaɗa ta zuba a faranti, ta bar mu muna jira. Sannan ta dube ni, amma muryarta ba tsayina aka yanka ta ba.

“Takwara, ke jikar marina ce. In an ɗago ƙyalle daga rijiya, wane launi yake fitowa?”

Na ce, “Kore-kore.”

“Yaushe yake zama shuɗi?”

“In ya sha iska.”

“To kin fi wani sani, kuma shi da gemunsa. A ciki jiƙewa kawai ake yi. Sai an fito an sha iska launi yake kamawa, sannan a koma, sannan a fito. Wanda ya ce a yi haƙuri, ai shi ne ya ce a yi godiya. Wani ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya, wai shi waliyyi. Waliyyin da mata ke ciyarwa da saƙar hula!”

Ba wanda ya yi dariya. Umma ta tashi ta shige ɗakin girki. Iya ta ƙarasa a gajarce: da aka zo kwashe rijiya bayan shekara, aka tarar da ƙyallen ya ruɓe, ko tsumman goge fitila bai yi ba. Na huɗu kuwa bai yi wani abin a zo a gani ba. An tsoma shi ya yi kuka, an ɗago shi ya sha iska ya ji daɗi, bai ji kunyar jin daɗin ba, aka sake tsoma shi, aka sake ɗagowa, har ya yi baƙi wul yana ɗaukar ido. Shekara arba'in ana wanke shi bai zuba ba.

“Na sauke kayana,” in ji ta. “Wanda ya ga nasa a ciki ya ɗauka.”

Baffa Garba, da yake kunyarsa tun a zanin goyo ta faɗi, sai ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa ya ce, “To Iya, maganar rigar fa?”

Kafin ta buɗe baki, murya ta fito daga taga, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

“Garba. Rigar tana da aiki.”

Baffa ya miƙe. Ya cika aljihu da gyaɗa, ya ce sai da safe.

Da asuba Abba ya tafi masallaci bai dawo ba. Hantsi ya yi, Umma ta fara zarya tsakanin zaure da tsakar gida. Iya na zaune tana watsa wa kajinta tsaba, ta ce da su, “Ku ci, ku ci. Wasu dai yau sun tuna hanya.” Aka ba ni fura na kai karofi, na same shi tsirara daga ƙugu zuwa sama, a cikin rijiyar kakanmu, yana kwashe busasshiyar laka yana liƙe tsaga. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sauran marina kowa ya dukufa kan aikinsa, ba wanda ya ce masa sannu da zuwa, kuma wannan ita ce karramawa mafi girma da na taɓa gani an yi wa mutum. Sai can wani tsoho ya turo masa kwandon toka da ƙafa, ba tare da ya dube shi ba.

Ya zuba ruwa, ya zuba toka da ganyen rini, ya yi ta motsawa safe da yamma har rijiya ta yi kumfa ta tashi. Ranar da ta nuna, saura kwana biyu wata ya tsaya. Abin da ya fara tsomawa rigar nan ce. Ina tsaye ya ɗago ta tana ɗiga, kore kamar gansakuka, ya baza ta a hannu biyu, ta rinƙa juyewa shuɗi a gaban idona. Ya mayar, ya ɗago. Kwana uku yana yi mata haka, har tabon bayan ya ɓace cikin duhun launi. Umma ta ɗinke yagar kafaɗa. Ita ya sa ranar Sallah a ƙarƙashin babbar rigarsa, ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaida Iya kamar yadda ya saba. Ta juya fuska ga bango, ta ce wa bangon, “Wannan rinin ba zai zuba ba.” Iyakar abin da na taɓa ji ta faɗa masa ke nan, kuma ta rasu bayan shekara uku ba ta kira sunansa ba.

Kada wani ya ɗauka ƙarya ta kunyata a ƙarshe, wannan sai a tatsuniya. Baffa Garba ya je gwanjo ya sayi tsohuwar taguwa, ya yaga ta, ya tumurmusa ta a ƙasa, ya ɗaga ta ranar Asabar. An ce har da masu hawaye. Ya ci zaɓe, ya yi mota, ya yi kaurin wuya, ya bar cikin gari. Da sojoji suka dawo bayan 'yan shekaru suka kwashi 'yan siyasa, sai suka haɗa da shi, ya yi sati uku a tsare na gaske. Ya fito kamar kazar da ruwa ya daka. Abin mamaki, wannan ɗaurin bai taɓa ba da labarinsa ba ko sau ɗaya. Amma da aka sake komawa mulkin farar hula, ina da 'ya'yana uku a lokacin, sai ga shi ya fito da furfurarsa da tsohon labarinsa, wata bakwai ɗin sun haihu sun zama shekara biyu.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan ta Baffa ce, don shi ya fi daɗin rainawa. Sai da mijina ya rasu na san har da ni ake. Na yi takaba, kwanakinta suka cika, na ƙi fita. Na ƙi kwalli, na ƙi biki, na hana yarana kunna rediyo. In na ji maƙwabta na shewa sai in ji na raina su, in ce waɗannan ba su san komai ba, ni ce na san Allah. Ba wanda ya gaya mini cewa baƙin ciki ma yana da girman kai, kuma ya fi na dukiya wuyar ganewa, don shi yabon sa ake yi. Na kusa shekara a haka. Ran nan aka ce Abba na zaure. Ya tsufa, yana dogara sanda. Bai yi mini wa'azi ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya miƙo mini soyayyar gyaɗa a ƙunshin takarda da hannun nan nasa shuɗi har wuyan hannu, ya ce, “Ummi, an tsoma ki, mun gani. Ɗago haka nan.” Na ji haushinsa ƙwarai. Na kwana uku ina jin haushinsa, a na huɗu na aika aka sayo mini lalle.

Shi ya sa ba na ɗaukar masu tallan wahala da muhimmanci, kuma ba na sakar wa masu kwanciya a cikinta fuska, ko da ni ce. Abba bai zama waliyyi ba. Ya dai zama mutumin da in ya yi dariya har ƙasa yake kaiwa, in ya yi sujada ya daɗe, in an zo masa da kuka ya san lokacin yin shiru da lokacin cewa tashi. Bai taɓa ambaton wata bakwai ɗin nan ba, bai kuma taɓa hana Baffa shiga gidansa ba, abin da ni kam ba zan iya ba.

Ranar da Abba ya rasu, Baffa Garba ne a sahun gaba wajen karɓar gaisuwa. Da ya shigo cikin gida gaida mata, ya tsaya a tsakiyarmu yana share ido da hankici, yana cewa, “Ni da Yaya mun sha wuya tare, Allah ne kaɗai ya sani.” Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, na duba. Tafin nan fari, lumus, kamar na jariri, har da zobe.

Da yamma yayana ya shigo, shi ne ya tsaya wajen yi wa Abba wanka. Ya zauna kusa da ni. Can ya ce, “Ummi, mun cuɗa hannun nan da sabulu har sau uku. Shuɗin ya ƙi fita.”

Na ce, “Da kun tambaye ni, da ban bar ku kun wahala ba. Iya ta faɗa tun tuni, wannan rinin ba zai zuba ba.”

Haka aka naɗe shi a farin likkafani, da hannunsa shuɗi.